Igiyar Takalmin Kapiten

Dogon Dutsi, ranar Litinin

Zuwa ga mahaifina, Malam Mahmudu, a Ɗan Kassari.

Assalamu alaikum. Baba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da ɗan'uwana Idi da Sahura da 'yarta Marwa. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Surukinka Malam Kamaluddeen yana gaishe ka. Ga maganin ƙafarka na haɗa wa Idris direba da takardar nan. Tunda kunnen ya ƙi waya mun koma zamanin da, ni da kai, kuma ban ƙi ba, don a takarda ba ka iya katse ni.

Baba, ka kalli na jiya? Na san ka kalla. Idi ya gaya mini duk Lahadi da la'asar kana kan bencin shagon Umaru mai cajin waya, ka ƙura wa tele ido, ba mai iya tashinka. To nan garin ya rabu biyu a kan Kapiten Bilyaminu na fim ɗin. Ka dai ga yadda aka yi. Ya bi sawun 'yan ta'addan da suka sace likitar ƙauye, motarsa ta taka nakiya, hayaƙi ya turnuƙe, da ya lafa ba abin da aka nuna sai takalminsa guda a kan rairayi. A nan suka yanke mana, marasa imani, sai wata Lahadin.

Yau a farmasi ban sayar da ƙwaya ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Wani ɗan kabu-kabu ya shigo neman maganin ciwon kai, ya manta da kan, ya dafa kanta yana cewa, "Madam, wallahi bai mutu ba! Wa ka kashe mai fim tsakiyar fim?" Wani tsohon jandarma da ke jiran maganin hawan jini ya harare shi ya ce, "Yaro, ni na ga aikin nakiya da idona. Wanda duk yat taka ta, sai addu'a. Se fini, an gama." Sai wata tsohuwa mai tallar daddawa ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce, "Ku bar gardama, doguwa ce taɗ ɗauke shi. Tsamiyar ga da sunka nuna bakin hanya, tun farko ban yarda da ita ba." Har na yi dariya na riƙe ciki.

Amma da na koma gida dariyar ta ƙare, Baba, don ka san abin da takalmin nan ya tuna mini. Tun kafin kakar bara sojoji suka zo mana da buhu, suka ce an kai wa motar su Yaya Abdurrahman hari can yamma, wajen iyaka, motar ta ƙone, ba a gan shi cikin masu rai ba, ba a kuma iya tantance shi cikin waɗanda aka rufe ba. Buhun nan har yau yana rataye a ɗakinka, ba ka kwance bakinsa ba. Ka hana a shimfiɗa tabarma a karɓi gaisuwa. Matarsa Sahura tana zaune, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba.

Na san ba ka faɗin sunansa. Ɗan fari ne, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan a bakinka ba, sai "wanki", wato yayana, ko "wancan". Ban ce ka faɗa ba. Maganar gayaunarsa nake yi. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, kuma na ji ka ce Idi kada ya kuskura ya sa sungumi a gonar, wai mai ita ne ke sare ramin farko kowace shekara idan ya zo hutun permisiyo. Idan ruwa ya sauka aka bar ta, me Sahura da Marwa za su ci? Don Allah ka duba.

Ka gafarce ni idan na wuce gona da iri. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Mubarika

Ɗan Kassari, ranar Laraba

Zuwa ga 'yata Mubarika.

Wa alaikumus salam. Bayan dubun gaisuwa, takardarki ta iso tare da magani, Allah ya yi miki albarka. Kowa lafiya. Rubutunki har yanzu yana kwanciya gefe kamar hatsin da iska ta bi ta kansa, amma na karanta.

Ki gaya wa jandarmanki da mai daddawarki, ku masu kunne da kunne kuke kallon fim. An buga muku ganga mai ban tausayi, kun ce an mutu. Ni kuwa tun da kunnena ya rufe, abin yana zo mini shiru. Mutane suna motsa baki, motoci suna tafiya a kan rairayi ba ƙara, bindiga tana fitar da wuta ba ta ce komai ba. Nakiyar nan da ta firgita ku, ni a idona ƙasa ce ta buɗe a hankali, ja da baƙi, ta tashi sama ta tsaya, sannan ta sauko. Wanda ba ya ji yana da lokacin dubawa, kuma na duba.

Takalmin nan igiyarsa a kwance take. An zare ta daga ramukan sama, harshen takalmin ya faɗo gaba. Shekarun da na yi ina koyarwa a lakwal na ga takalmin da ya fita daga ƙafar yaro wajen gudu, na ga wanda yaro ya cire da hannunsa, kuma ba su kama da juna. Wuta ba ta kwance igiya. Mutumin nan zama ya yi ya cire takalminsa, ya ajiye musu don su ce ya mutu, ya bi rairayi da ƙafa. Na rubuta wa Umaru haka a ƙasa da sandata. Ya karanta wa jama'a, na ga haƙora sun bayyana ko'ina. Ya matso ya kwarara mini ihu a kunne, na tsinci "Malam" da "tsufa" kawai. Na ce Lahadi tana tafe.

Gawon da ke bakin gayaunar wanki ya fara zubar da ganye, kin san alamar damina ce. Can nake zuwa in yi ƙailula yanzu, don ɗaki ya yi zafi. Kuma kusan kullum abu guda nake gani idan barci ya ɗauke ni. Wani mutum yana tahowa daga yamma, ya ratsa kwarin, ta tsakanin goriba, ba takalmi a ƙafarsa. Kakin Kapiten ne a jikinsa, amma tafiyar ta wanki ce, da ɗan karkata kafaɗar nan ta hagu. Jajayen duwatsun garinku suna biye da shi a baya sannu-sannu, ba su wuce shi ba, ba su bar shi ba. Ya saɓa sungumi. Abin da zai ba ki mamaki, a mafarkin kunnena garau yake. Ina jin kukan kurciya, ina jin kaba tana kaɗawa, har sautin ƙafarsa a kan rairayi ina ji. Sai ya kusa isowa gindin gawon, in farka, duniya ta koma shiru. Ba na baƙin ciki idan na farka. Gobe ma zai ƙara matsowa.

Game da gayauna, tana da mai ita. Ba a taɓa sare mata ramin farko da hannun wani ba, ba kuwa bana za a fara ba. Buhu kuma kayan mutum ne, ba a buɗe kayan mutum ba ya nan. Sojojin da suka zo ba su ce sun ga gawa ba. Abin da ba a gani ba, ni ba zan shimfiɗa masa tabarma ba.

Ki gaida maigidanki. Allah ya tsare ku.

Mahaifinki,
Mahmudu

Ɗan Kassari, ranar Alhamis

Zuwa ga ƙanwata Mubarika.

Salamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya, ina aikin farmasi? Marwa na gaishe ki, ta ce ki tuna da alkawalin 'yan kunne. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san lakwal ɗina ba ta yi nisa ba. A ɓoye na ba Idris direba, kada Baba Malam ya ji na rubuto.

Mu ma mata mun ga fim ɗin, a wayar matar Idi, wurin sussuka. Gardamarmu ba irin taku ba ce. Mu matar Kapiten munka sa wa ido, Bilkisu. An zo an gaya mata, ta faɗi kan kujera tana kuka, jan-bakinta bai ko goge ba. Sa'a maƙwabciyarmu ta ce, "Wagga ba ta san rashi ba, kukan biki taka yi." Kowa ya yi dariya, sannan sunka tuna ina wurin. Ni ban ji haushi ba. Gaskiya Sa'a ta faɗa. Wadda mijinta ya ɓace ba faɗuwa take yi kan kujera ba. Tuwo take ragewa a kwano ta rufe, da safe ta ba kaji, da marece ta sake ragewa. Ni haka nike yi tun kahin kaka, hannuna ya ƙi koyon awon mutum biyu.

Wani lokaci ina daka, sai in ga kamar inuwa ta gitta ta bakin danga, mai tsawon Baban Marwa. Ba ni ɗaga kai. In na ɗaga ba kowa, in ban ɗaga ba yana nan tsaye har in gama.

Mubarika, ranar da sojoji sunka zo, Baba Malam ya juya baya ya shige ɗaki. Ni sarjan ɗin ya nuna wa kayan ɗaya bayan ɗaya kahin ya ɗaure buhun. Na san abin da ke ciki. Shekaranjiya Idi ya shigo yana dariya, yana ba mu labarin abin da Baba ya rubuta a ƙasa game da igiyar takalmi. Sai da na laluba turmi na zauna. Ba zan iya gaya ma Baba Malam ba, ke kin san kunyar da ke tsakaninmu, ko ruwa zan kai mishi sai na durƙusa daga nesa. Kuma ina tausayinsa, gindin gawon nan shi ne abin da ya rage mishi.

Amma rumbu ya yi ƙasa. Irin da na zaɓa daga zangarniyar bara yana nan cikin tulu, na toshe da toka. Kuma in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba, na gaji. Ina son a zo a yi mini gaisuwa. Ina son mata su cika ɗakina su ce Allah shi jiƙanai, in yi kukana da izini, in yi takabata, in san ranar hita. Ko wannan ya yi yawa?

Ki rubuta mishi, amma ki bi shi a hankali. Sai na ji daga gare ki.

Taki,
Sahura

Dogon Dutsi, ranar Asabar

Zuwa ga Baba.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fata ƙafar ta yi sauƙi. Mu lafiya.

Baba, ka zama sananne ba ka sani ba. Na yi subul da baka na faɗi maganar igiyar takalmi a farmasi, kafin azahar ta kai tasha, kafin la'asar ta gama kasuwa. Yanzu ko'ina sai ka ji ana cewa "malamin Ɗan Kassari ya ce". 'Yan kabu-kabu sun ɗauke ka shehinsu. Matasa suna ta mayar da wurin baya a waya, suna buɗe hoton da yatsa biyu, suna ihu, "Wallahi kwance take!" Tsohon jandarman ya dawo musamman don ya gaya mini cewa mahaifina bai san soja ba. Na ce masa ɗan mahaifin nawa soja ne. Ya cire hula ya fita.

Surukinka kuwa da abokansa na kasuwa wani abin ne ke cin su. Sun ce duk ɗan ta'addan da ke cikin fim ɗin an sa masa gemu da ɗangalallen wando irin nasu, har wani yaro ya nuna Malam Kamaluddeen a hanya ya ce ga wanda ya dasa nakiya. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ga laifinsa ba, don shi da Yaya tare suka yi wasan ƙasa, shi ne kuma ya fi kowa kuka ranar da labari ya zo. Sun yi rantsuwa sun daina kallo. Amma na ji shi yana tambayar maƙwabci ko za a ɗauke wutar kuran gobe da la'asar.

Yanzu ka ba ni izini in yi maganar da ba ta dace da bakin 'ya ba. An ce in bi ka a hankali, na gwada, ban iya ba, halinka na ɗauko. Na yarda Kapiten yana da rai. Na yarda idonka ya fi na garin nan duka. To sai me? Kapiten yana da mai rubuta masa labari, Baba. Akwai wani mutum zaune a ofis a wani birni, da ya kwance igiyar nan da hannunsa ya ajiye a gaban kamara don irinka su gani su sa rai. Yaya ba shi da wannan mutumin. Ba wanda ya zauna ya tsara masa hanyar dawowa. Kai kana gindin gawo kana jin kurciya, Sahura tana cikin gida tana rage tuwon da ba mai ci. Ina jin zafin wannan, kuma ina jin haushinka, Allah ya yafe mini.

An yi ruwa a Tibiri da Kore Mairuwa, direbobi sun ce har an fita shuka. Naku yana hanya. Ƙasa ba ta jiran kowa idan ta sha, kai ka koya mini. Tunda kai mai duban igiya ne, akwai takalmi a ɗakinka. Sojojin sun faɗa a gabanmu cewa sun tsinci guda a wurin. Ka sauke buhun ka duba shi da idon da ka duba na Kapiten. Abin da ka gani, ni na yarda da shi.

Na rubuta wannan ina kuka, kada ka ce rashin kunya ce kawai. Ka yafe mini.

'Yarka,
Mubarika

Dogon Dutsi, ranar Talata

Baba,

Assalamu alaikum. Idris ya zo jiya hannu wofi, ya zo yau hannu wofi. Ya ce ya gan ka daga nesa ba ka ɗago ba. Idan fushi kake da ni, ka rubuto ka zage ni, ya fi mini wannan shirun.

Ka yi gaskiya. Kapiten ya dawo, ba takalmi, da likitar a bayansa. Unguwarmu sai da ta girgiza da ihu, 'yan kabu-kabu suka yi ta zagaye gari suna hon. Har surukinka na kama yana murmushi a bakin tagar maƙwabci. Kowa yana cewa a gaida malamin Ɗan Kassari. Ni kaɗai na kasa murna, don ina tsoron abin da wannan zai ƙara maka.

An ce kun samu ruwa. Ka ce mini wani abu.

'Yarka,
Mubarika

Ɗan Kassari, ranar Laraba

Zuwa ga 'yata Mubarika.

Wa alaikumus salam. Ba fushi nake ba.

Na ga dawowarsa. Ya shiga gida, matar ta saki tire. Shagon Umaru ya tashi tsaye, bakuna a buɗe, ana ta girgiza mini hannu. Ni tafiyarsa na duba. Ba ita ce wadda nake gani a gindin gawo ba. Ɗan wasu mutane ne, ya koma gidansu, na taya su murna.

Da na iso gida hadari ya rufe gabas. Na sauke buhun. Takalmin ya ƙone ta gefe guda. Igiyarsa a ɗaure take har sama, ƙulli biyu, irin wanda na koya masa da hannuna ranar da zai fara zuwa lakwal.

Ruwa ya sauka mana sosai. Jiya Idi ya sa sungumi a gayaunar, ni na bi bayansa da irin da Sahura ta zaɓa, ina zubawa ina rufewa da diddige. Da rana ta take na kwanta gindin gawon. Na yi barci, ban ga kowa ba.

Na aika an gaya wa liman. Na kira Sahura da kaina, na ba ta haƙuri, ta fara takaba.

Ɗana Abdurrahman ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na rubuta sunan na daɗe ina kallonsa, hannuna bai saba ba.

Ku zo ran Juma'a, ke da maigidanki. Ki taho da tabarmi, namu ba za su isa ba.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Mahmudu